Matakala ta Huɗu

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Jiya Hilary ta ɗauke ni daga matakala ta huɗu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Kirsimeti ƙungiyarmu ta mawaƙan gari tana waƙa a kan babban benen katako na Gidan Thornscar, kuma shekara goma sha ɗaya wurina ɗaya ne: matakala ta huɗu, jikin katakon da ake dafawa da hannu, Clive a damana. Jiya da yamma a zauren coci muna jeruwa kan benci-benci yadda za mu tsaya ran ashirin ga Disamba, sai Hilary, da yake ita ce shugabar waƙa, ta duba takardarta ta ce, "Filibus, ko za ka so ka gwada ta tara bana? Ina ganin muryarka za ta fi cika ɗakin daga sama."

Wai ko zan so. Shekarata talatin da ɗaya a ƙasar nan. Idan Bature ya tambaye ka ko za ka so abu, to an riga an yanke magana, jira kawai ake ka ce ka gode.

Na ce na gode.

Clive ya ce, "An ƙara maka girma, ɗan Zariya. Ka riƙa jefo mana albarka daga can." Amma ƙasa yake kallo. Tsohon mai gyaran famfon nan bai taɓa tsokanata yana kallon ƙasa ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Butar shayi ta daina fito. Ruwan ya ƙone ƙaf, ƙauri ne ya tashe ni daga kujera. Kayan yanzu ba su da aminci. Ƙararrawar ƙofa ma haka.

Wasiƙar asibiti tana nan ƙarƙashin gwangwanin suga. Ba gaggawa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Hanatu ta kira daga Leeds. Wai sau biyar ta neme ni jiya.

"Baba, ina ka ajiye wayar?"

"Tana aljihuna."

Ta wuce kai tsaye ga abin da ya sa ta kira. Halin uwarta.

"Sun rubuto maka sakamakon awon da muka je?"

"Gidan waya ya cika da katunan Kirsimeti. Komai sai ya makara."

Na gaya mata an matsar da ni ta tara. Ta ce wani abu. Na ce ta ɗaga murya, yaran yanzu duk a maƙogwaro suke magana. Ta ce ba komai, ta riga ta sayi tikiti, tana nan tafe ran ashirin.

Ƙarfe huɗu, amma duhu kamar bayan isha'i. Shekara talatin da ɗaya, wannan ne dai na kasa yafe wa ƙasar nan.

Laraba, 3 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Ta tara ma ba ta yi ba. An mayar da ni ta sha biyu, bayan ginshiƙi.

An sa ni tsakanin wasu sababbi biyu masu waƙa kamar suna tsoron tashin jariri, baki na motsi, ba abin da ke fita. Sau uku Hilary ta tsayar da mu. "Masu kaurin murya, mu yi ƙoƙari mu ƙare tare, ko?" Mu takwas ne masu kaurin murya. Ba ta kira suna ba. Ba sa kiran suna. Amma matan layin gaba sai waiwaye suke, kuma na ga Maureen, sakatariyarmu, ta dube ni, ta dubi Hilary, suka yi murmushin nan nasu na mutanen da suka ga miya a rigar baƙo.

Tunda littafina ne, bari in rubuta abin da nake zato. Mu talatin da biyu ne, ni kaɗai ne baƙi. Bana kuma Maureen ta ce za a ɗauki hoto don kalandar gidan. Ginshiƙin nan ya isa ya rufe mutum biyu.

Ba yau na fara gani ba. Ta ƙofar kicin muke shiga gidan. A nan ake sa mu cire takalma, wai katakon benen ya shekara ɗari uku, ba a taka shi da takalmi. Masu tikiti na zaune kan kafet da takalmansu suna kurɓar ruwan inabi mai ɗumi, mu kuwa baƙar kwat, farar taguwa, da safa. Ita kuma matar mai gidan, duk shekara in an tashi sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya kake ji da sanyin ƙasarmu?" Sau goma sha ɗaya. Na riga ɗanta na fari zuwa ƙasar nan.

Amma Hilary ce ta zo asibiti sau uku lokacin jinyar marigayiya matata Rifkatu, ta zauna, ba ta cika mu da surutu ba. Wannan ma dole in rubuta.

Alhamis, 4 ga Disamba, da rana

Ban yi wa kowa komai ba.

Asabar, 6 ga Disamba, ƙarfe uku na yamma

Maureen ta zo da farantin kek. Wai ta daɗe tana ƙwanƙwasawa, sai ta taga ta hango ni. Na ce ƙararrawar ta lalace. Ta ce, "Ayya, haka suke yi."

Ta zauna bakin kujera ba ta cire kwat ba. Ta yabi labule. Ta yabi hoton Rifkatu. Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta: fitila. Al'adar gidan ce mutum ɗaya ya shigo gaban mawaƙa riƙe da tsohuwar fitila, ya tsaya da ita a gindin bene har a tashi.

"Kwamiti ya duba, ya ga babu wanda ya cancanta kamarka."

"Mai fitila yana waƙa?"

"To, ka san gidan katako ne. Hankalinsa kan wutar yake."

"Maureen, me na yi?"

"Haba, Filibus! Me kuwa za ka yi? Kowa na ƙaunarka."

Na san wanda ya riƙe fitila bara. Tsoho Norman, wata huɗu kafin a kai shi gidan tsofaffi.

Na ce zan yi tunani. Kek ɗin kam ya yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba.

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na rubuta wa kwamiti takarda, shafi uku. Na sa maganar ginshiƙi da hoto da kalanda. Na sa kalmar da suka fi tsoro a ƙasar nan: wariya. Na sa ta sau biyu.

Yanzu ambulan biyu ne a kan teburin. Ɗaya ban buɗe ba, ɗaya ban aika ba.

In na aika, ni da ƙungiyar nan sai dai a lahira. Za su ba ni haƙuri a rubuce, da kyakkyawan Turanci, kuma ba wanda zai ƙara kallona cikin ido. In aka cire Talata, ranar gwajin waƙa, daga makona, ban san abin da ya rage a cikinsa ba.

Laraba, 10 ga Disamba, da safe

Ban je gwajin waƙa ba jiya. Na sa riga, na zauna bakin gado, na cire.

Ba wanda ya kira. Ko kuwa an kira.

Alhamis, 11 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Clive ya zo da hantsi. Bai taɓa ƙararrawa ba. Taga ya dinga duka da makulli har na ga inuwarsa.

"Sa takalminka, ɗan Zariya."

"Ina za mu?"

"Ba inda za mu. Mota za mu shiga."

Tsohuwar motarsa ta aiki, mai warin kare da jiƙaƙƙen tsumma. Ya rufe gilashi, ya haɗa wayarsa da rediyo, ya murɗa har ƙarshe, har ƙofar tana kaɗawa a kafaɗata. Ya ce Hilary ce ta naɗi gwajin makon jiya.

Waƙar makiyaya ce, mai tafiya a hankali, wadda muke rufewa da ita. Mata suka shigo tsaf. Maza suka biyo. A cikinsu akwai wata ƙatuwar murya, tana jan ƙafa a bayan kowa kamar jakin da ya ƙi hanya, ta yi ƙasa da inda ake, kuma kowa ya rufe baki ita tana nan tana ƙarasa nata.

Na yi dariya. Na ce, "Wane ne wannan? Ai wannan ya kamata a ba fitila."

Clive bai yi dariya ba. Ya mayar da ita farko.

A karo na uku na gane yadda mutumin yake rufe ƙarshen kalma, yana ƙulle ta da ƙarfi. Malam Yohanna ne ya koya mana haka a Wusasa, da ɗan sandansa, ina ɗan shekara tara. Duk ƙasar Yorkshire ba mai rufe kalma haka.

Mun daɗe a zaune. Gilashi ya yi gumi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya juyo ya fuskance ni sosai, yana magana da ƙarfi. Sai yanzu na lura ya daɗe yana yi mini haka.

"Tun bara. Bara ina gefenka ina zuba maka waƙa a kunnen dama kamar mai kiran shanu, shi ya sa abin bai fito ba sosai. Na ce musu kada su raba mu. Suka ce in an gaya maka za ka ji kunya, gara a matsar da kai a hankali. Sai suka kai ka inda ba mai riƙe ka. Wawaye ne, Fil. Wawaye masu kirki."

"Kai fa? Shekara guda kana kallona."

"Ni matsoraci ne. Na iya gaya wa mutum bututunsa ya ruɓe. Wannan kuwa ban iya ba."

Na faɗa masa wasu maganganu da ba zan rubuta su nan ba, rabi da Turanci, rabi da Hausa. Ya bari na gama.

Ya ce, "Na ji. Ka ga ni ina ji."

Da ba don ya girme ni da shekara shida ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, da rana

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sani. Na daɗe da sani.

Lahadi, 14 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Na yaga takardar kwamiti. Ba duka ce ƙarya ba: sakin layin da na yi kan matar mai gidan gaskiya ne, yana nan daram. Amma ba shi ya kai ni bayan ginshiƙi ba. Saura ƙiris in shafa wa Hilary abin da ba zai wanku ba, don kawai ta kasa buɗe baki, ni kuma na ƙi buɗe ambulan.

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar kafet. Suna ba mu abin toshe kunne saboda ƙarar injuna. A aljihu muke barinsa don mu ji hirar juna. Ba wanda zan kai ƙara.

Da Rifkatu na nan, da tun bara ta gaya mini a kan kofin shayi, ba ado: "Baban Hanatu, ka zama garaya mai tsinkakkiyar tsirkiya, je ka a duba ka." Da na yi fushin kwana biyu na tafi. Ita ta kawo ni ƙungiyar nan. Waƙar makiyayan ce ta ja ta, ta ce tana tuna mata daren Kirsimeti a gida, lokacin da ake bi gida-gida da aci-bal-bal.

Saura kwana shida. Hanatu ta sayi tikiti.

Laraba, 17 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

Na je da wuri jiya, na sami Hilary ita kaɗai tana jera kujeru.

Na ce, "Ba na son fitila. Kuma ba zan tsaya ina motsa baki ina yaudarar mutane ba. Ran Alhamis a gidan, ki mayar da ni ta huɗu, gefen Clive. In na ɓata, ki tsayar da waƙa ki kira sunana a gaban kowa. Sai in sauka da ƙafata, ba sai an kawo mini kek ba."

Fuskarta ta yi ja har kunne. "Filibus, ba zan iya yi maka haka a gaban jama'a ba."

"Shekara talatin kina koyar da yara. Za ki iya."

"Yara ba su zo jana'izar mahaifiyata ba."

Na manta ma na je. Na ce, "To don wannan ɗin za ki yi."

Ta ce to. Ta ce ta so ta gaya mini tun watan Satumba, sau huɗu tana rubuta abin da za ta faɗa. Na ce ni sau ɗaya na rubuta nawa, kuma gara da bai iso ta ba. Ba ta tambayi me na rubuta ba. Wani lokaci shirun nan nasu yana da amfani.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Gwajin ƙarshe, a gidan, ƙarfe biyu. Ƙofar kicin, takalma a jere jikin bango. Safar Clive ta huje a babban yatsa, ya ce ta nan yake shaƙar iska.

Na hau ta huɗu. Sanyin katako har cikin ƙashi.

Tsohon ogan, abin kiɗan nan mai bututu irin na coci, yana ƙarƙashin benen ne, a wani lungu. Da mai kaɗawa ya taka maɓallan ƙafa, sai na ji abu a tafin ƙafata. Katakon na rawa. Ya sauya, rawar ta sauya. Ya ɗaga, ta tsaya cak. Ta hau har gwiwa. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a kan wannan abu ina ƙunƙuni kan takalmi, ban taɓa lura ba, don ban taɓa bukata ba.

Na daina bin muryar mata, wadda dama sai na yi ta laluben ta. Na bi katako, na bi hannun Hilary, Clive kuma yana zuba mini nasa a dama.

Waƙa ta ɗaya ta wuce. Ta biyu. Ina jiran sunana kamar mai jiran bulala. Har ta biyar ba ta kira ba.

Ta shida ita ce ta makiyaya. Bisa al'ada ba a kaɗa mata ogan, kuma ana kashe wuta, sai kyandir. Katako ya mutu a ƙarƙashina. Hannun Hilary ya zama inuwa. Na shiga dai, na rufe ido, na yi yadda na saba.

A baiti na biyu Clive ya yi shiru. Na buɗe ido. An kunna wuta. Hannunta a ƙasa.

Ta ce, da ƙarfi, tana kallona, "Filibus. Ka makara, kuma ka yi ƙasa."

Mutum talatin da ɗaya suna kallon safarsu.

Na ce, "Na gode." Wannan karon da gaske nake.

Alkawari na yi, don haka na ɗaga ƙafa zan sauka. Clive ya damƙo bayan kwat ɗina. "Biyar cikin shida, kai jaki. Ina za ka?"

Hilary ta ce, "Biyar ɗin nan ina son su. Ban taɓa jin ƙasan waƙa ya zauna haka ba bana."

Ba ta ce komai kan ta shida ba. Ni na faɗa. Na ce zan rufe bakina.

Ta Rifkatu ce.

Asabar, 20 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Na goge taguwa sau biyu. Na sa sabuwar safa, mara kauri.

Mai ogan ya ce in sanyi ya yi yawa wani lokaci ogan ɗin yakan yi gardama. Ba shi ne ya fi damuna ba. Tsorona bakina. Shekara goma sha ɗaya yana buɗewa a wurin nan da kansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

An cika. Hanatu a layi na uku, da jan mayafin uwarta. Ban san ita ta ɗauka ba.

Ogan bai yi gardama ba. Biyar suka wuce, ƙafata na karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Ban san yadda suka fita ba. Na san dai matan layin gaba ba su waiwayo ba ko sau ɗaya.

Aka kashe wuta. Maureen ce riƙe da fitila, hannu biyu, kamar za ta fashe mata. Na rufe littafina, na sa shi a ƙirji, na datse baki. Ban motsa leɓe ba. Duk mai ido ya ga akwai mutum ɗaya a matakala ta huɗu da ba ya waƙa.

Abin da ya iso ni kaɗan ne, kamar ana waƙa a gidan maƙwabta. Wurin da maza ke shiga ya zo, na ji maƙogwarona ya buɗe da kansa, sai da na ciji harshe. Sannan na ji wani abu da ban sa rai ba. Kafin kowane layi, mutum talatin suna jan numfashi lokaci guda, benen yakan ɗan motsa, kafaɗar Clive ta ɗago ta taɓa tawa. Sai na riƙa ja tare da su. Wannan ba wanda ya hana ni. Baiti huɗu, ban makara ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi matar mai gidan ta riƙe hannuna ta yi magana. Hayaniya ta yi yawa, ko kalma ban kama ba, amma na san tambayar. Na ce, "Ranki ya daɗe, shekara talatin da ɗaya muna fama da shi, ni da ke." Ta yi dariya ta wuce. Wataƙila ma ba shi ta tambaya ba bana.

Hanatu ta same ni a kicin ina ɗaura takalmi. Ta tsuguna a gabana don in ga bakinta.

"Baba, ta ƙarshen ba ka yi ba."

"Ban yi ba."

Ta karɓi igiyar ta ɗaura mini ɗaya ƙafar. 

Na tambayi Clive, tunda shi kaɗai na tabbata ba zai shafa mini mai ba. Ya ce, "Ka makara sau ɗaya a ta uku. Ni sau biyu, amma ni ba mai sa mini ido."

Litinin, 22 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na ɗaga gwangwanin suga, na buɗe wasiƙar asibiti. Tara ga Janairu, ƙarfe goma da rabi, wai za su gwada mini na'urar ƙara ji a kunne biyu.

Clive ya ce shi zai kai ni, kuma zai zauna gefena a ɗakin jira, kada in dawo in ce ba a kira sunana ba.